Tambaya da Amsa: Wace jitar bes ce ta dace da ɗan koyo mai ƙaramin ƙarfi?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan jitar bes suke, wato jitar nan mai kaurin murya wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ganga. Ta farko ce ta ɗauki mafi yawan filin, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ni da abokaina uku mun haɗa ƙungiyar kiɗa, akwai mai jita da mai ganga da mai piyano, ni kuma aka ba ni bes alhali ban taɓa riƙe ta ba. Na yi wata shida ina tara kuɗi. A wani shago na ga sabuwa fil mai tsirkiya biyar, an rubuta Fender a kanta, kuma kuɗinta daidai da abin da na tara. Na kuma ga wata Yamaha ta hannu mai tsirkiya huɗu, fentinta ya kwarzane, amma ta fi araha. Abokaina sun ce in ɗauki sabuwar. Wacce zan saya?

AMSA: Ƙanina, na gode da wasiƙarka. Kada ka biya kuɗin ko ɗaya daga cikinsu sai ka koma shagon ka duba wuyan kowacce da idonka da hannunka. Idan ka tarar wuyan Yamahar nan lafiya yake, ita za ka ɗauka, ka riƙe ragowar kuɗin domin wasu buƙatu da zan ambata maka.

Bari mu fara da sunan da aka rubuta a kan sabuwar. Leo Fender, wani mai gyaran rediyo a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ne ya fito da jitar da ya kira Precision Bass a shekarar 1951, a lokacin da makaɗa ke fama da ɗaukar ƙatuwar bes ta katako wadda ake kaɗawa a tsaye, mai kusan tsawon mutum. A 1960 kamfaninsa ya ƙara fito da Jazz Bass, kuma har gobe yawancin jitocin bes masu araha siffar waɗannan biyun suke kwaikwayo. Fender ta asali a Amurka da Meziko da Japan aka fi ƙera ta, kuma tana da tsada ƙwarai, shi ya sa tun 1982 kamfanin yake sayar da masu sauƙin kuɗi da sunan Squier, waɗanda a yanzu ake yin yawancinsu a Indonesiya da Sin. Ko a Amurka, sabuwar bes ta ɗan koyo daga sanannen kamfani takan kai dala 200 zuwa 300 kafin a yi maganar kuɗin dako da na kwastan. Saboda haka idan aka nuna maka sabuwar Fender mai tsirkiya biyar a farashin da bai kai na Squier ba, ka san jabu ce. Damuwata ba ta tsaya ga sunan kawai ba. Wanda ya yarda ya yi ƙarya a rubutun da kowa ke gani, da wuya ya yi gaskiya wajen busar da katakon da ba wanda zai bincika, kuma ɗanyen katako shi ne ke kashe bes.

Dalili kuwa shi ne tsirkiyoyin bes huɗu, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura nauyin kilo 70, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Abin da ke hana wuyan sunkuyawa shi ne ingancin katakon da kuma wata sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, wadda masu gyara ke murɗawa da alanki su miƙar da shi ko su sassauta shi. Yawancin sauran abubuwan da ke jikin bes ana iya sauya su da kuɗi kaɗan. Kunnuwan ɗaure tsirkiya ana sayar da su, mazaunin tsirkiya na ƙasa, wanda masu goge ke kira jaki, ana sauya shi, ramin da ake cusa waya idan ya saki mai gyaran rediyo zai liƙe shi da dalma cikin minti goma. Wuyan da ya murɗe kuwa da wuya ya gyaru sai an sake shi ɗungurungum, kuma kuɗin sabon wuya kan kusan kai kuɗin jitar.

Ga yadda za ka duba. Ka dafa gindin jitar a kan takalminka, ka sa ido daga kanta ka hangi tsawon wuyan kamar yadda kafinta ke hangen katako kafin ya sa masa zarto. Idan ka ga ya ɗan lanƙwasa zuwa gaba kaɗan, wannan ba aibi ba ne, ana ma buƙatarsa domin tsirkiya ta sami sararin kaɗawa. Abin gudu shi ne ka ga gefe ɗaya ya tashi ɗaya ya kwanta, ko ka ga tudu a daidai inda wuyan ya haɗu da gangar jiki. Daga nan sai ka danne tsirkiya mafi kauri a kan firet na farko, wato ƙarfen farko cikin ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyan, abokinka kuma ya danne ta a kan na ƙarshe, ka dubi ratar da ke tsakaninta da firet na bakwai ko na takwas. Ya kamata ratar ta yi kamar kaurin katin waya na takarda. Idan ta yi faɗin da za ka iya zura tsinken ashana, ka roƙi mai shagon ya murɗa sandar ƙarfen kaɗan a gabanka. In ta motsa, wuyan kuma ya amsa, babu matsala. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa ba ta kama komai, ko bakinta ya cinye har alanki ba ya riƙe shi, ka mayar masa da kayansa ko da kyauta ya ba ka rabin kuɗin.

Bayan haka ka saki tsirkiyar ka dubi tsayinta daga firet na 12. Milimita 2 zuwa 3 shi ne daidai. Abin da ya wuce haka da yawa zai sa ka riƙa danna da dukkan ƙarfinka, yatsunka su yi tsami kafin ka yi minti goma sha biyar. Ina jaddada wannan ne saboda abin da ya faru da ni. Bes ɗina ta farko ja ce mai sheƙi, kuma sheƙin ne ya ja ni na saye ta ba tare da na san ana duba wuya ba. Na yi kusan shekara ina zaton hannuna ne ba shi da ƙarfi, har na fara tunanin barin koyon, sai ranar da wani dattijon makaɗi ya miƙo mini tasa na ji yadda tsirkiya ke kwantawa da ɗan taɓi kaɗan. Na yi imani matasa da yawa sun bar bes a kan irin wannan, suna ɗora wa kansu laifin da na kayan ne.

Sai ka zauna ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet, daga sama har ƙasa, kana saurare. Ba sai ka iya kiɗa ba, danna ka taɓa kawai. Idan murya ta fito garau ko'ina, madalla. Idan a wuri ɗaya ko biyu tsirkiya tana gugar ƙarfe tana ƙara, wataƙila firet ɗaya ne ya ɗago, kuma mai gyara zai iya daidaita shi. A bes ta hannu ka lura da ko tsirkiya ta ci ƙarafan har sun yi rami, musamman biyar na farko, domin sake firet aiki ne mai tsada kuma masu iya shi ba su da yawa. Ka sa a jona ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara murya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a cikin raminta. Ƙarar ƙas-ƙas a maɓalli yawanci ƙura ce, dalilin neman ragi ne, ba dalilin fasa ciniki ba. A ƙarshe ka rataya ta ka tashi tsaye ka saki hannuwanka. Bes takan kai kilo 4 ko fiye, kuma idan kanta yana rinjaya ƙasa da zarar ka sake ta, hannunka na hagu zai ƙare a tallafe wuya maimakon danna tsirkiya. Kwarzanewar fenti kuwa ba ta taɓa murya ko kaɗan.

Game da tsirkiya biyar, shawarata ka fara da huɗu. Ana ɗaure huɗun a kan muryoyin kiɗa da ake kira E, A, D da G, daidai da tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jitar abokinka, sai dai muryarsu ta fi zurfi ninki guda, abin da zai sa ka iya kallon hannunsa ka gane inda kiɗa yake. Ta biyar ƙari ce ta ƙasa, B, wadda ke ba da muryoyi biyar kacal da mai huɗu ba ta da su. A madadin haka wuyan ya fi faɗi, jitar ta fi nauyi, saitin tsirkiya ya fi tsada, kuma akwai ƙarin tsirkiya guda da dole ka koyi kashe muryarta idan ba ita kake taɓawa ba. Rabin aikin mai bes shi ne hana tsirkiyoyin da ba ya so yin ƙara, kuma ɗan koyo yana shan wahalar wannan ko da huɗu. Ƙari a kan haka, a jitoci masu araha tsirkiya ta biyar ce ta fi fitowa saɓal-saɓal, muryarta a dushe.

Idan Yamahar ta faɗi jarrabawa, kada ka koma ga jabun don ka gaji da nema. Ka tambayi Yamaha TRBX174, ko Ibanez GSR200, ko Squier daga jerin Sonic ko Affinity, ko Cort Action. Duk kamfanoni ne da suka daɗe suna wannan sana'a, kuma ƙananan jitocinsu sukan zo da wuya mai aminci. Tsakanin siffar Precision da ta Jazz, hannunka ne zai yanke hukunci. Wuyan Jazz ya fi siriri daga sama, kimanin milimita 38, na Precision kuma yakan haura 41. Ta fuskar murya, Precision tana da maɗaukin sauti, wato ɗan maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar muryarta, guda da aka raba biyu, muryarta a dunƙule take kuma ba ta cika ƙugi ba, Jazz kuma tana da biyu, muryarta ta fi kaifi amma takan yi ƙugi idan aka buɗe ɗaya aka rufe ɗaya. Yamaha TRBX174 da na ambata ta haɗa nau'in biyu a jiki ɗaya, kuma a ganina wannan ya wadatar da ɗan koyo shekaru da dama.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan jitar. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku domin amfilifaya ƙarama, da waya mai kyau, da maratayi mai faɗi, da jaka, da ladan mai gyaran da zai daidaita maka wuya da tsayin tsirkiya. Idan tsirkiyoyin da ke kan ta hannun sun yi tsatsa, ka sayi sabon saiti mai lamba 45 zuwa 105, shi ne matsakaicin kauri. Na'urar ɗaure tsirkiya daidai ba sai ka saya ba, akwai manhajoji na kyauta a waya.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa daga Jos. 'Yata mai shekara 12 ta nace tana son koyon bes domin ta shiga ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Ta gwada ta majami'ar, amma hannunta ba ya kaiwa ƙarshen wuyan. Kuma bahaguwa ce. In jira ta ƙara girma ne?

AMSA: Mama, ina amsawa, kuma kada ku jira. Bes ɗin da aka saba gani tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, kimanin santimita 86, shi ya sa ta fi ƙarfin yarinyar. Akwai gajeru masu inci 30, irin su Squier Bronco, akwai kuma Ibanez Mikro wadda ba ta kai inci 29 ba. Waɗannan ba kayan wasan yara ba ne, cikakkun jitoci ne da manyan makaɗa ma ke amfani da su, kuma ana ɗaure su kamar yadda ake ɗaure doguwar, don haka duk abin da ta koya a kansu zai bi ta idan ta girma. Abin lura guda shi ne suna buƙatar tsirkiya irin tasu ta gajeru, saboda haka ku tambayi mai shagon ko yana kawo ta, in da hali ku sayi saiti ɗaya ku ajiye.

Maganar hagu ta fi wuya, domin jitar bahagwai ba ta da yawa a kasuwa kuma takan fi tsada. Paul McCartney, mai bes na ƙungiyar Beatles ta Ingila, wanda shi ma bahago ne, ya sayi bes ɗinsa ta Höfner a birnin Hambug na Jamus a 1961 a kan kimanin fam 30, saboda kuɗinsa ba su kai na Fender ba, kuma siffarta iri ɗaya ce ta kowane gefe. Ku ba yarinyar jita ta riƙe ta hanyoyin biyu na 'yan kwanaki kafin ku saya. Bahagwai da yawa suna koyo da ta dama ba tare da matsala ba, tun da hannayen biyu duk suna aiki, kuma hakan zai ba ta damar ɗaukar ta majami'a ko ta aro a ko'ina. Amma idan kun ga ta fi kama bugun kiɗa da hannun hagu, kada ku tilasta mata, ku nemo mata tata.

TAMBAYA: Malam, daga Maraɗi nake rubutowa. Mu nan bas muke ce mata. Na samu wata ta hannu, amma ba ni da amfilifaya, kuma wuta ba ta zama a unguwarmu. Yayana yana da ƙaramar amfilifayar jita. Zan iya amfani da ita?

AMSA: Ɗan'uwa, za ka iya idan ka rage murya sosai, amma kada ka mai da shi al'ada. Tsirkiyar bas mafi kauri tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa guda, ta jita kuwa sau 82, kuma murya mai zurfi irin wannan tana tura takardar lasifika gaba da baya da nisa fiye da yadda aka yi lasifikar jita ta jure. Ranar da ka ji daɗin kiɗa ka ƙara murya, lasifikar yayanka za ta iya yagewa. Don koyo a ɗaki, amfilifayar bas mai wat 15 zuwa 25 ta isa, irin ƙananan Fender Rumble. Ranar da za ka tsaya kusa da mai ganga kuwa sai ka nemi wat 100 ko fiye, kuma wannan ana iya haya ko aro.

Tun da wuta ce matsalarka, akwai abin da ya fi dacewa da kai. Ana yin wata 'yar amfilifaya da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ake cusawa kai tsaye a ramin jitar a saurara da abin saƙalawa a kunne. Vox amPlug na cikin sanannunsu, da ƙananan batura biyu take aiki, kuma ba za ka hana maƙwabta barci ba. Koyo ba tare da jonawa da komai ba yana da amfani wajen sabar da yatsu, amma yana da illa guda: da yake ba ka jin kanka sosai, za ka saba fizgar tsirkiya da ƙarfi, kuma ba za ka ji ƙarar sauran tsirkiyoyin da ya kamata ka kashe ba.

Ka juya bayan jitar taka ka duba ko akwai ɗan murfin batir. Idan akwai, tana cikin masu aiki da batir mai bolt 9, kuma dole ka riƙa zare waya duk lokacin da ka gama, domin barin ta a ciki yana shanye batirin ko ba a kiɗa. Idan kuma wata rana aka kawo maka amfilifaya daga Amurka, ka karanta bayanta kafin ka jona, domin tasu wutar bolt 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 240. Duk ranar da ka ji tsirkiya tana ɗan jan hannunka, musamman a kan janareto, ka zare komai nan take ka kira mai gyaran wuta.

TAMBAYA: Malam, ni a Kano nake. Na ga bes mai araha a intanet daga wani ɗan kasuwa a Legas. In tura kuɗi ya aiko mini?

AMSA: Malam, a yadda ka faɗe shi, wannan cinikin biri a sama ne. Gaskiya ne a kasuwar Alaba da sauran kasuwannin Legas an fi samun zaɓi, amma duk gwaje-gwajen da na zayyana wa ɗalibin Zariya sai da hannu ake yin su. Ka fara zagaya shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari. Idan dole sai daga Legas, ka sami wanda ka yarda da shi, wanda ya san bes, ya je ya duba maka, ko aƙalla mai kayan ya turo maka bidiyo yana hangen wuyan yana kuma taɓa kowane firet, tare da hoton lambar da ke bayan kan jitar, sannan ku yi yarjejeniyar mayarwa kafin ka biya.

Akwai kuma abin da masu saye daga kudu ba su cika sani ba. Katakon da ya zauna cikin raɓar Legas, idan ya iso Kano da hunturu, zai bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi. Sai ka ji bakin ƙarafan firet sun fito ta gefen wuya suna kartar hannu, tsayin tsirkiya kuma ya sauya. Wannan ba ya nufin an cuce ka. Ka bar ta ta yi mako biyu ko uku a cikin jakarta ta saba da iskar garin, sannan ka kai wa mai gyara ya goge bakin ƙarafan ya daidaita sandar wuyan, wadda ba a murɗa ta fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda. Da damina ta sauka wuyan zai sake motsawa, don haka ka sa ran daidaita ta sau biyu a shekara. Kada ka bar ta a cikin mota da rana ko jingine da bangon da rana ke duka, kuma a tsakiyar hunturu ka sa ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji ka ajiye a aljihun jakar, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba.